Wai an ci amana a Scapa Flow. Amanar wa?

Wannan bidiyon da ake ta yawo da shi kan jiragen ruwan yaƙin Jamus da Jamusawan da kansu suka nutsar a Scapa Flow, wani mashigin teku a arewacin Sikotilan, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ishe ni haka. Mai bayanin ya kwaso zancen Turawan Ingila ya juye mana ɗanye, har da karya murya, wai kwamandan jiragen, Admiral Ludwig von Reuter, maci amana ne, an karrama shi ya saka da tsiya. Mutanenmu kuma sai Allah wadai suke yi. Jama'a, amanar wa aka ci?

Jiragen nan 74, ranar 21 ga Yunin 1919, ba mallakar Ingila ba ne. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta 11 ga Nuwamban 1918 cewa ta yi a tsare su har a gama shawara a Paris. Matuƙansu Jamusawa, kwamandansu Bajamushe. Ingila gadi kawai take yi daga nesa. Mutum ya fasa kayansa don kada a raba a gaban idonsa, kai kuma da ka riga ka ɗauko buhu ka tsaya kana ihun an cuce ka.

Ita kuma karramawar da ake faɗa, bari ku ji ta. Tun ranar farko Admiral Beatty na Ingila ya ba da umarni a sauke tutar Jamus da faɗuwar rana, kada a sake ɗaga ta sai da izini. Aka kora su can tsibiran Orkney, arewacin Sikotilan, inda sanyi da iska ba sa ɗaga ƙafa. Wata bakwai cur ba a bar su sun taka ƙasa ba. Abinci sai an kawo daga Jamus, ƙasar da ita kanta yunwa ke ci. An kwance musu bindigogi, an raba su da na'urar jin labari, wasiƙa sai an buɗe an karanta. Kai, madalla da wannan baƙunta!

Labarin duniya a tsohuwar jaridar Times Reuter yake tsinta, bayan ta kwana uku ko huɗu. A ciki ya ga an ba Jamus wa'adi: ta sa hannu a yarjejeniyar sulhu ko a koma fagen daga. A lissafinsa ranar 21 wa'adin zai cika, alhali an ƙara kwana biyu. Kuma da safiyar wannan ranar ce, duk cikin ranakun Allah, Admiral Fremantle ya kwashe manyan jiragen gadi ya fita atisaye. Ban ce da gangan ba ne. Na dai ce mai gadi ya zaɓi rana.

Da hantsi Reuter ya ba da alama. Aka buɗe kafofin ruwa na ƙasan jiragen, aka bar ƙofofin ciki a wangale, aka sake ɗaga tutar da aka hana. Jirgin Friedrich der Grosse ya fara kifewa jim kaɗan bayan sha biyun rana, Hindenburg ya rufe da misalin biyar na yamma. Guda 52 suka tafi ƙasa. Cikin manyan 16, Baden kaɗai Ingilawa suka iya ja zuwa gaɓa.

Yanzu ku tambayi kanku wa ya yi asara. Faransa da Italiya kowacce ta buɗe baki tana jiran kasonta. Ingila kuwa ba ta son a raba, don duk jirgin da ya shiga hannun maƙwabci ya rage mata fifiko a teku. So take a hallaka su, ta rasa yadda za ta shawo kan abokanta. Sai ga Reuter ya yi mata aikin kyauta. Babban hafsan ruwan Ingila na lokacin, Admiral Wemyss, da kansa ya ce wannan nutsewa alheri ce, ta kashe rigimar rabo gaba ɗaya. Gaba ta kai ni, gobarar Titi. A fili Fremantle ya tsayar da Reuter a kan jirgin Revenge yana yi masa faɗan rashin mutunci, a ɗaki kuma manya na hamdala. Wannan ne mutumin da aka ci amanarsa?

Na san wani zai ɗauko sharaɗi na 31 na yarjejeniyar, wanda ya hana lalata jirage. E, yana nan. Takardar nan ɗaya ce kuma ta halatta a ci gaba da toshe wa Jamus hanyar teku, aka ci gaba har Yulin 1919, yara na ramewa a Berlin da Hamburg. Sharaɗin da aka sa ka sa wa hannu da bindiga a ƙeya, in ka karya shi ka karya sharaɗi, a hukunta ka. Amana kuwa tsakanin masu yarda da juna take. Wani kuma zai ce ai Jamusawa sun nutsar da jirgin fasinja Lusitania a 1915. Sun nutsar, kuma mugun aiki ne. Wa ya ce waliyyai ne? Ba shi muke magana ba.

In dai nutsar da jirginka don kada abokin gaba ya samu laifi ne, to me ya sa ake tafa wa Faransawa da suka yi haka a Toulon ranar 27 ga Nuwamban 1942, jirage sama da 70, don kada Hitler ya ɗauka? Can jarumta, nan cin amana. To.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ba a faɗa. Mutum tara aka harbe, wasu 16 suka ji rauni, duka Jamusawa, ba makami a hannunsu. Wasu suna cikin ƙananan kwale-kwale suna neman gaɓa. Kyaftin Walter Schumann a kan jirginsa Markgraf aka kashe shi. Saura mako guda a sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Versailles, sun tsira daga yaƙin shekara huɗu, iyayensu na jiran su a gida. Kabarinsu na Lyness har yau. Ƙarfe aka yi wa kuka, su ko oho.

Ƙarfen ma bai tafi a banza ba. An sa Jamus ta biya da wasu jirage biyar da kayan tashar ruwa masu ɗimbin yawa. Ita kuma hukumar sojan ruwan Ingila ta sayar da da yawa daga cikin gawarwakin ga wani ɗan gwangwan mai suna Ernest Cox, ya yi ta ɗago su daga 1924, har Hindenburg a 1930. Guda bakwai suka rage a ƙasa, masu ninƙaya na biyan kuɗi su je kallo.

Af, tunda rabon ganima ake zance: kwana 19 bayan nutsewar, ranar 10 ga Yuli, Lord Milner na Ingila da Henry Simon na Faransa suka zauna suka raba Kamaru da Jamus ta bari. Faransa ta kwashe kaso mafi tsoka, Ingila ta ɗauki siririn yanki da ya haɗa da Dikwa da Mubi, wanda arewacinsa ya shigo Najeriya a 1961. Ba wanda ya tambayi Shehun Dikwa balle talakan Mora. Shi ya sa yau Gamboru ke nan, Fotokol ke can, ɗan kogi a tsakani, mutum zai je sunan ɗan ƙanwarsa sai jandarma ya ce ina takarda.