Bindigar araha a hannun maigadi

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame a Agege, wani dattijo ɗan garinmu da ya haura shekara 20 yana gadi a Legas ya riƙo hannuna ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, kai da kake karanta jarida, ba ni shawara." Masu gidaje a rukunin da yake gadi sun zauna, sun yi karo-karo, za su saya wa masu gadinsu bindiga biyu fam-akshin, irin wadda ake zuge ta baya a turo gaba kafin kowane harbi. Shugabansu ya ce ya san mai kawo 'yar Turkiyya a kan kuɗi kaɗan, babu dalilin zuba dukiya a kan ƙirar Italiya ko Amurka, tunda bindiga ai bindiga ce, ɓarawo ba ya tsayawa duba tambari. Na ce, "Baba, lasisin da sunan wa za a yi?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ba a yi wannan zancen ba.

Tun daga ranar raina yake ɓace, domin maganar nan ta "bindiga ai bindiga ce" ta zama ruwan dare. Na ji ta a mayankar Oko-Oba, na ji ta a Mile 12, ana ta yawo da ita a saƙonnin murya na WhatsApp, inda mutanen da ba su taɓa warware bindiga sun goge ta ba suke yanke hukunci kan wadda ta fi riba. Maganar ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kashe mutum.

Me ya sa bindiga take tsada? Kuɗin yana cikin ƙarfen da aka zuba a bututunta, da yadda aka ƙona shi aka daidaita taurinsa, da yadda kowane ɗan ƙarfe na ciki ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Yana kuma cikin gwaji. A Italiya, kamfani irin Beretta da tarihinsa ya faro tun 1526 ba shi da ikon fitar da bindiga kasuwa sai ta bi ta gidan gwaji na ƙasa da ke Gardone Val Trompia, an harba ta da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, an ga ta jure, sannan a buga mata hatimi. Remington 870 ta Amurka tun 1950 ake ƙera ta, miliyoyi aka sayar, duk abin da ya lalace a jikinta akwai madadinsa, akwai makanikin da ya san ta ciki da bai. Abin da mai saye yake biya ke nan: tabbacin cewa ranar da ya ja kunama za ta tashi, kuma wutar gaba za ta yi, ba fuskarsa ba.

Kada a ce na yi wa Turkiyya kuɗin goro. A yankin Konya akwai masana'antu da suka daɗe suna ƙera bindigogin farauta, wasunsu kayansu na shiga kasuwannin Turai da Amurka ta ƙofar gida, da lamba, da takarda, da wanda za a kama idan an samu matsala. To amma waɗannan ne ke zuwa mana? Mai bin labarai ya san amsar. A Janairun 2017 kwastam sun tare mota a nan Legas ɗauke da bindiga 661 da aka ɓoye a bayan ƙofofin ƙarfe, bayan kwantenar ta riga ta fito daga tasha. A Mayu aka kama 440 a tashar jiragen ruwa ta Tin Can, a Satumba aka kama 1,100 da aka rubuta a takarda cewa kayan banɗaki ne, kafin watan ya ƙare aka ƙara 470. Jimilla 2,671 a shekara ɗaya, a gari ɗaya. A 2024 kuma aka baje 844 da harsashi 112,500 a tashar Onne ta jihar Ribas, su ma daga Turkiyya. Waɗanda aka gani ke nan.

Mutumin da ke cusa bindiga a ƙarƙashin tukwanen masai ba inganci yake nema ba. Mafi araha yake nema, domin ya san ɗaya cikin kwantenoninsa na iya faɗawa hannun hukuma, dole sauran su fanshe asarar. Ya kuma san babu wanda zai dawo masa da kaya ya ce ta cije. Wa za ka kai wa ƙara? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai a nan ba mai sayen ba ne zai jiƙe.

Sai a haɗa da iskar Legas. Duk wanda ya zo daga Arewa ya san yadda kwaɗon ƙofa ke yin tsatsa a damina ɗaya a garin nan, saboda laima da gishirin teku. Na taɓa ganin irin wannan bindiga a ɗakin gadin wata ma'ajiyar kaya, an jingine ta a bayan ƙofa kusa da buta da tabarma. Bakinta ya yi ja, an ɗaure ƙotarta da roba saboda ta tsage, harsasan kuma suna cikin leda a kan taga inda feshin ruwa ke samunsu. Yaron da ke riƙe da ita bai taɓa harba ta ba, bai san yadda ake fitar da harsashi idan ya maƙale ba. Ya ce min dai oga ya ce a riƙa fitowa da ita da dare domin a gani. Ɗan fashin da ya hango ta ba zai tsaya tambayar ko tana aiki ba. Mai riƙe da ita zai fara harbi.

Ko da ma ta yi aiki, me za ta yi? Fam-akshin bindigar kusa ce, 'yan harsasai kaɗan take ɗauka, ƙwayoyinta na watsewa bayan 'yan taku goma-goma. AK-47 tana ɗaukar 30 a gida ɗaya, tana kaiwa mita ɗaruruwa. Kuma AK ɗin ba ƙaranci ta yi a ƙasar nan ba, tunda rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya ya nuna makamai 178,459 da 'yan sanda suka kasa ba da bayaninsu, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Wanda ya ɗora wa dattijo mai shekara 60 bindigar kwantena ya ce ya tsaya a gaban wannan, bai ba shi kariya ba, alama ya manna masa a ƙirji.

Akwai masu cewa to a ƙara kuɗi a sayi mai tsadar. Su ma ba su fahimci komai ba, Beretta marar lasisi gidan yari ɗaya take kai mutum da 'yar kwantena. Masu cewa kowa ya nemi makami ya kare kansa kuwa, tun daga kalaman Janar Danjuma a Jalingo a 2018 har zuwa sanarwar gwamnatin Zamfara a 2022, yawancinsu da 'yan sanda a ƙofar gidajensu suke kwana.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake yin kamar babu doka. Dokar makamai ta 1959 tana nan daram. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, balle maigadin da aka ɗauka da baki kawai, ba takarda ba shaida. A 2018 babban sufeton 'yan sanda Ibrahim Idris ya saka fam-akshin cikin jerin makaman da ya ce a miƙa wa hukuma. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga yana kaiwa ɗaurin shekara 10. Ranar da 'yan sanda suka shigo rukunin gidajen nan, shugaban masu gidaje yana ofis a Ikeja ko yana Landan wajen 'ya'yansa. Wanda za a samu da ita a hannu shi ne Baba. Shi za a zaunar a ƙasa, a jera bindigar a gabansa, a ɗauki hoto, gobe jaridu su rubuta an kama Bahaushe da makami a Legas. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kuɗin da masu gidaje suka rage wajen sayen mai araha, shi ne zai cika shi da shekarunsa a gidan yarin Kirikiri.

Kuma ba gidan yari ne mafi muni ba. Ba mu manta Uromi ba. A Maris 2025 mafarauta 16 'yan Kano, sun taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah, aka tare motarsu a jihar Edo, aka ga bindigogin farauta ƙirar gida, aka kashe su aka ƙona. Irin bindigogin da mafarauta suka gada tun kaka da kakanni ne. Idan wannan ya isa a yanke wa ɗan Arewa hukunci a bakin titi, me ake tsammani ranar da wata rigima ta tashi a Mile 12 ko Idi-Araba, aka ce an ga masu gadi Hausawa da sababbin bindigogin waje? Babu wanda zai ce masu gidaje ne suka sayo. Masu sayar da albasa da 'yan acaba da masu gyaran takalmi, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, su za su kwashi kashinsu a hannu. Duk mai tallan bindigar araha a tsakaninmu, ko ya sani ko bai sani ba, wuta yake haɗa mana a ƙarƙashin gado.

Sarakunan Hausawa na unguwannin Legas da shugabannin kasuwanni su fito su faɗa wa mutanenmu da babbar murya: kada wanda ya karɓi bindigar da ba sunansa a takardarta. Masu gidajen da ke son tsaro mai makami su je su nemi 'yan sanda su biya, su sa fitilu, su gyara katanga. Gwamnati kuma, masana'antarta ta ƙera makamai, DICON, tana Kaduna tun 1964, an yi mata sabuwar doka a 2023, idan akwai rundunar da doka ta yarda ta riƙe makami to a ƙera mata a gida, da lamba, da rajista. Kuma muna son ganin fuskokin masu odar kwantenonin nan a kotu, ba direbobi da 'yan dako kaɗai ba.

Na ce wa Baba ya koma ya faɗa wa shugaban nasu cewa ba zai riƙe ba. Ya ce idan ya ƙi, akwai samari goma daga ƙauye da za su karɓi aikin kafin magariba, kuma shi ke ciyar da gida biyu. Ran Asabar mai zuwa aka ce za a kawo bindigogin.