Zafin Harshe Ba Shi Ne Laifin Mai Suka Ba

Duk lokacin da aka taso da zancen ladabin sukar shugabanni, yawancin masu magana abin da suke nufi shi ne a sassauta murya. Ni dai ban ga laifin zafin harshe ba. Shugaban da ya tsare mutane ba tare da shari'a ba, in an kira shi azzalumi, sunan aikinsa aka faɗa.

A 1975 wani ɗan jarida a Ostiriya, Peter Lingens, ya rubuta a mujallar Profil cewa shugaban gwamnati Bruno Kreisky ya nuna son zuciya da rashin ɗa'a, saboda ya tsaya wa wani ɗan siyasa da ya taɓa aiki a rundunar SS ta 'yan Nazi. Kreisky ya kai ƙara, kotu ta ci Lingens tara. Sai a 1986 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye wa ɗan jaridar haƙƙinsa. Ta ce wanda ya shiga siyasa da ƙafarsa ya san idon jama'a na kansa, dole ya jure abin da gama-garin mutum ba zai jure ba. Ta kuma raba ra'ayi da labari: labari ana iya neman hujjarsa, ra'ayi kuwa ba a auna shi da shaida.

A nan gizo ke saƙar. In ka ce minista ya gaza, ra'ayinka ne, wanda bai yarda ba ya kawo nasa. In ka ce ya sace kuɗin asibiti, ka ɗauko kayan da sai da takarda ake sauke su. Masu suka da dama kan fara da na farko, su zame zuwa na biyu ba su ankara ba, su fake da "an ce". Wa ya ce? Ko a Amurka, inda hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 kan jaridar New York Times ya ba masu sukar jami'ai kariya mai faɗi, kariyar ba ta shafi wanda ya san ƙarya yake yi ba, ko wanda ya yi ko-in-kula da ko zancen gaskiya ne ko ƙarya.

Sannan akwai batun wanda ake sara. Sukar da ta tsallake mai muƙami ta faɗa kan ƙabilarsa ta zama wani abu daban. Gidan rediyon RTLM a Ruwanda da sunan siyasa yake magana, yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, har aka kai ga kisan kiyashin 1994. A 2003 kotun musamman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kan kisan Ruwanda ta samu ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Ferdinand Nahimana, da laifi.

Abin da ya fi ba ni wuya ni kaina shi ne tambayar hujja idan zargin ya faɗa kan wanda dama ba na so. Hannu kan yi saurin turawa gaba kafin ido ya gama karantawa.