Abin da hoto ba ya nunawa game da malamin yoga

Da an ambaci malamin yoga, wato atisayen motsa jiki da horon numfashi da ya samo asali daga Indiya, abin da yake faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne hoton wani siriri da ya kafa kai a ƙasa, ƙafafu a sama, ko ya lanƙwashe har goshinsa ya taɓa gwiwa. A ganina wannan hoto ya zalunci sana'ar, domin ya sa ana auna malami da abin da jikinsa yake iyawa, alhali kuwa aikinsa na ainihi yana kan jikin waɗansu ne, musamman wanda ya fi kowa rauni a cikin aji.

Ranar malami mai kishin aikinsa takan fara tun kafin gari ya waye, saboda sai ya yi nasa atisayen shi kaɗai, cikinsa babu nauyin abinci, kafin ya tsaya gaban kowa. Azuzuwa sukan taru ne da sassafe da kuma yamma, lokacin da ɗalibai ba sa wurin aiki, don haka tsakar rana takan tafi wajen tsara darasi, da karatun yadda gaɓoɓi da jijiyoyi suke aiki, da zirga-zirga daga wannan zaure zuwa wancan, tunda da yawansu bisa yawan darussa ake biyansu. Rayuwa ce mai gajiyar da murya da ƙafa, kuma ba kasafai ake faɗin haka ba.

A cikin aji ne bambanci yake bayyana. Malamin kirki yakan rage nuna bajintarsa ya ƙara sa ido. Yana lura da wanda ya riƙe numfashi don ya kai hannu inda jikinsa bai shirya kaiwa ba, da wadda ta cije leɓe tana ɓoye ciwon gwiwa saboda kunyar na kusa da ita. Tun kafin a shimfiɗa tabarma yakan tambayi wa ke da ciwon baya, wa aka yi wa tiyata, wace ce mai juna biyu, domin tsayuwa kai ƙasa tana iya cutar da mai hawan jini ko mai hawan jinin ido. Ba ya kuma ɗora hannu a jikin ɗalibi don ya gyara masa tsayuwa sai ya nemi izini. Wannan na ƙarshe ina ɗaukarsa da muhimmanci ƙwarai, domin wanda ya rufe ido ya saki jiki a gabanka amana ce ya ba ka.

Wannan fahimta tana da tushe. Tirumalai Krishnamacharya, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1989 kuma ya koyar a birnin Mysore na Indiya a ƙarƙashin kulawar sarkin garin a shekarun 1930, an san shi da daidaita darasi da shekarun mutum da lafiyarsa. Ɗalibansa sun fito da salo mabambanta: Pattabhi Jois ya tafi da tsari mai ƙarfi da sauri, B.K.S. Iyengar kuwa ya bi hanyar tsanaki da daidaita kowace gaɓa. Tarihin Iyengar ne ya fi taɓa mini zuciya. Ya taso yaro mai yawan jinya, ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka, kuma ina da yaƙinin cewa wannan ne ya sa bai raina mai rauni ba. Shi ya yaɗa amfani da tubalin katako da ɗamara da bargo da kujera, domin tsoho da majinyaci su sami rabonsu. Wanda hannunsa bai kai ƙasa ba sai a sa masa tubali ya dafa, ya amfana ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba.

Hatta a tsohon rubutun Patanjali, wani masanin Indiya na zamanin dā wanda ya kasa yoga gida takwas, tsayuwar jiki gida ɗaya ce kawai daga ciki, kuma sharaɗin da ya gindaya mata shi ne ta kasance tabbatacciya mai daɗin zama. Gaskiya da kamewa da barin cutarwa ne suka zo a gaba.

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, aka kuma fara bikinta a 2015, harkar ta ƙara bunƙasa, masu koyarwa suka yawaita. Horon awa 200 da ƙungiyar Yoga Alliance ta Amurka ta sa a matsayin matakin farko ya zama ma'aunin da ake yawan ambata, kuma akwai masu kammala shi cikin wata guda. Ba na raina shi, amma wata guda ba ya koya wa mutum karanta fuskar ɗalibin da yake jin zafi yana cewa lafiya lau. Shi ya sa nake girmama malamin da har yanzu yake zama ɗalibi a ajin wani.

Akwai kuma batun asali, wanda bai kamata a yi masa rufa-rufa ba. Yoga ta tsiro ne a cikin falsafa da addinan Indiya, kuma waɗansu azuzuwa suna haɗawa da rera kalmomin ibada, waɗansu kuwa motsa jiki da horon numfashi kaɗai suke yi. Haƙƙin ɗalibi ne malami ya bayyana masa wanne yake koyarwa tun ranar farko, kafin ya biya kuɗi, domin mai addini daban ya yanke shawara da saninsa, ya zauna ko ya nemi wani ajin.