Makarantu masu harshe biyu a Accra: ina gurbin Hausa?

Wata Juma'a na je gaida yayata a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, na tarar jikanta ɗan shekara biyar ya dawo daga makaranta, jaka a baya, gorar ruwa rataye a wuya. Ta tare shi da fara'a ta ce, "Sannu da zuwa maigidana, me ka sayo mini?" Yaron ya tsaya yana kallon bakinta, sannan ya juya wajen uwarsa ya tambaye ta da Turanci abin da Hajiya ke faɗi. Uwar ta fassara masa. Yayata ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da tsintar wakenta, amma na ga fuskarta ta canja. Daga baya uwar ta shaida mini cewa a makarantar aka ba su shawara su riƙa yi masa Turanci zalla a gida, wai kada harsuna su cakuɗe masa tunda ga Faransanci yana koyo.

Ban ga laifin iyayen da suka kai ɗansu irin wannan makaranta ba. Duk wanda Allah ya hore wa yana son ɗansa ya wuce inda ya tsaya. Makarantu masu bin manhajar ƙasashen waje sun daɗe a Accra: Ghana International School tun 1955 take, tana bin tsarin Cambridge na Ingila, Lincoln Community School kuwa an kafa ta a 1968, tana bin tsarin IB, wato manhajar karatu ta ƙasa da ƙasa wadda cibiyarta ke Janiba. Faransawa ma suna da tasu a East Legon. A bayan waɗannan manyan, ƙanana suka yi ta tsirowa, kowace da allonta mai alkawarin Turanci da Faransanci tun daga rainon yara har ƙarshen sakandare. Batun Faransanci kuma ba abin rainawa ba ne, domin Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa sun kewaye mu ta ƙasa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsallaka iyakar Aflao zuwa Lome ya san amfaninsa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki yaron zango, wato unguwannin da Hausawa da sauran Musulmi suka fi zama, kamar farar takarda da za a fara rubuta wa harshe. Ɗan Nima ko Mamobi ko Sabon Zango yana tashi da Hausa a gida, ya tsinci Twi ko Ga a kasuwa da cikin motar haya ta trotro, da yamma ya je makarantar allo ya karanta baƙaƙen Larabci. Kafin ya shekara bakwai kunnensa ya saba da harshe uku ko huɗu. A ce wa irin wannan yaro harshe uku zai ruɗa shi, magana ce da rayuwar unguwarmu ke ƙaryatawa kullum. Gaskiya ne ƙaramin yaro kan haɗa kalmomin harsuna biyu a jimla ɗaya, amma yana girma yana rarrabe su da kansa. Harshen da aka daina yi masa a gida shi ne wanda ba ya dawowa cikin sauƙi. Tun 1953 hukumar UNESCO ke cewa yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da ya tashi da shi, kuma wanda ya iya karatu da harshensa ya fi sauƙin ɗora wani a kai.

Matsalar tamu ta wuce makarantun kuɗi. Harsunan gida da gwamnati ta daɗe tana ɗaukar nauyin koyar da su goma sha ɗaya ne, irin su Twi da Fante da Ga da Ewe da Dagbani da Gonja, babu Hausa a ciki. Manufar gwamnati ma ta sha juyawa: a 2002 aka koma Turanci tun daga ajin farko, bayan wasu shekaru aka dawo da harshen gida a ƙananan azuzuwa. Ko ta wane ɓangare aka juya, ɗan zango ba ya samun nasa. Gidan rediyon ƙasa ya yi shekaru aru-aru yana watsa labarai da Hausa, 'yan siyasa na neman ƙuri'unmu da ita, amma a aji ana kallonta a matsayin baƙuwa. Baƙuwar da malami Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da tarihi da ita cikin ajami a wannan ƙasa.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba, tsarin IB da kansa ya buɗe ƙofa. Yana buƙatar kowace makarantar da ke ƙarƙashinsa ta mallaki rubutacciyar manufa kan harshe, wadda ta haɗa da yadda za ta tallafa wa harshen gidan ɗalibi. A matakin ƙarshe, na 'yan shekara 16 zuwa 19, ɗalibi na ɗaukar darussa shida, kuma ana iya neman izini ya yi darasin adabi da harshensa na gida, makaranta ta sa masa ido, ko da ba ta da malamin harshen. Wanda ya cika sharuɗɗa har takardar shaida ta mai harshe biyu ake ba shi. Hausa kuwa ba ta rasa littattafan da za a karanta ba, ana nazarinta har digiri na uku a Kano da Zariya. Sai dai yaron da bai iya gaida kakarsa yana ɗan shekara biyar ba, ba zai nazarci waƙar Hausa yana ɗan sha bakwai ba.

Saboda haka nauyin farko na gida ne. Uwa da uba su riƙe Hausa a bakinsu, Turanci ba zai gudu ba, yana jiran yaro a aji da talabijin da waya. Ranar da aka je neman gurbi kuma, bayan an tambayi kuɗin makaranta da motar ɗaukar yara, a nemi ganin manufar makarantar kan harshe. A tambayi awa nawa ake Faransanci a mako, ko ana koyar da lissafi ko kimiyya da shi, ko kuwa darasi ɗaya ne da waƙoƙi aka kira harshe biyu. A tambayi abin da malama ke yi idan ta ji yara biyu suna Hausa a filin wasa. Mai biyan kuɗi yana da bakin magana, kuma iyaye goma da suka haɗa kai za su iya sa makaranta ta ware awa ɗaya a mako ta ɗauko malamin Hausa. Sarakunan zango da limamai da 'yan majalisarmu na Ayawaso da Asawase su kuma su kai maganar gaban ma'aikatar ilimi, yadda aka yi ta fafutuka har makarantun Turanci da Larabci suka samu sashensu a hukumar ilimi a 1987.

Na yi wa uwar yaron wannan bayani a ranar. Ta yi shiru, sannan ta ce tsoronta kada ya zama na baya a aji. Muka tsaya a kan cewa kowace Asabar za ta riƙa barinsa wajen Hajiya tun safe har magariba, ba waya, ba mai fassara.