Kafin a busa usur, a fara sauraron ƙirjin yaro

A shekarar 1996, bayan Nwankwo Kanu ya ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, likitocin ƙungiyar Inter Milan suka duba shi, suka gano matsala a zuciyarsa. Aka yi masa tiyata a Amurka, ya koma fili ya ci gaba da taka leda. Samuel Okwaraji kuwa, shi ma ɗan ƙwallon Najeriya, faɗuwa ya yi a filin wasa na Surulere da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989, ana tsaka da wasa da Angola, bai sake tashi ba. Da aka duba gawarsa aka tarar zuciyarsa ta kumbura.

Su biyun nake tunawa duk lokacin da makarantun Kano suka fara shirin gasar wasanni ta shekara. Malamin wasanni ya leƙa aji ya tambayi wa zai yi tseren mita 1,500, yara su ɗaga hannu, shi ke nan. Ba mai tambayar wane ne ke da asma, alhali ƙurar hunturu na tayar da ita. Ba mai tambayar wane ne ke da amosanin jini, ga shi zafin Maris da Afrilu a garin nan kan haura digiri 40, ƙishirwa da wahala kuma su ne ke kwantar da mai sikila.

Wasu makarantun na neman takardar shaidar lafiya, na sani. Amma takardar da aka buga wa hatimi ba tare da an taɓa jikin yaro ba, yaudarar kai ce. Abin da ake buƙata ba mai tsada ba ne: a auna hawan jini, a saurari zuciya da huhu, a san rukunin jininsa na gado, sannan a tambayi iyaye. Ya taɓa suma yana gudu? Ƙirjinsa na ciwo? Akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya a dangi? Wanda aka ga alama a tare da shi sai a tura shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Inda nake jin tsoro shi ne kuɗi. Idan aka ɗora wa uba nauyin gwajin, ɗan talaka ne zai koma ɗan kallo, shi da ƙwallon unguwa ta fi zama a ƙafarsa. Don haka ma'aikatun ilimi da lafiya na jiha su tura ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi cikin makarantun a farkon zangon karatu, su yi gwajin kyauta.