Ga masanin minti uku, idan ya farka

Jiya da daddare wani ya sake buɗe baki, wai akwai masu zuba dogon rubutu a kan ƙwallon kwando alhali ba su san inda kwandon yake ba. Bai kira suna ba, ni ma ba zan kira ba. Duk wanda ya bi musun Milwaukee Bucks ta gasar NBA ta Amurka tun watan Janairun 2024, kan ko canza koci ya gyara ƙungiyar, ya san wanda ake nufi, kuma ya san wanda ya goge rubuce-rubucensa da abin ya juye. Shiru da aka yi masa ba tsoro ba ne. To tunda ya tono, bari a tone gaba ɗaya.

Mutumin da iliminsa ya tsaya a kan taƙaitaccen bidiyo na minti uku da ake sawa bayan an tashi wasa, shi ne yake raba wa mutane takardar shaidar sanin ƙwallo. Masanin minti uku. Wasan NBA minti 48 ne, shi kuwa ya ga uku, ya yanke hukunci a kan kaka mai wasa 82.

Ga abin da ya faru, don waɗanda aka ruɗa. Bucks ta kori kocinta Adrian Griffin tana da nasara 30 da rashin nasara 13. Bayan wasa uku a hannun kocin riƙon ƙwarya, Doc Rivers ya karɓa, ya yi nasara 17 ya sha kashi 19. Ƙungiyar ta gama da 49 da 33, Indiana Pacers ta fitar da ita a zagayen farko na wasannin neman kofi da ci 4 da 2. Wannan shi ne abin da wani ya rantse mana cewa gyara ne.

Na san inda zai fake: wasa shida da suka ci a jere bayan hutun All-Star na tsakiyar kaka. A lokacin ai har ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. To a buɗe jadawalin. Biyu daga cikin shidan da Charlotte aka buga, ƙungiyar da ta ci wasa 21 kacal a duk kakar. Ɗaya da Philadelphia ne, gwarzonta Joel Embiid yana jinyar gwiwa. Cin Minnesota da Clippers abin yabo ne, ba na hana su. Amma kafin hutun, Rivers ya ci uku ne cikin goma na farko, kuma a farkon Afrilu Washington da Memphis da Toronto suka doke su ɗaya bayan ɗaya, dukkansu ƙungiyoyin da suka riga suka sallama kakar. Wanda ya ƙirga shida ya manta da waɗannan, ba lissafi yake yi ba, zaɓe yake yi.

Mai son sanin ko ƙungiya ta gyaru ba daga yawan nasara yake farawa ba. Ƙungiyar NBA tana kai hari kusan sau 100 a wasa. Sai ka ɗauki makin da take ci a kowane hari 100, ka cire makin da ake ci mata a kowane hari 100. Abin da ya rage shi ne ainihin ƙarfinta. Ka lissafa shi kafin canji, ka lissafa bayan canji, sannan ka zubar da mintunan ƙarshe na wasannin da aka riga aka yi wa wani fintinkau, lokacin da 'yan benci ne kawai a fili. Daga nan ka duba su wa aka buga da su, a gida ko a waje, wasa nawa ne aka buga dare biyu a jere, su wa ke jinya a ɓangarorin biyu. Abu na ƙarshe da yawancin mutane ke tsallakewa: jifan maki uku na abokan hamayya. Idan a wasa goma sun yi ta ɓarar da jifan da ba mai tsaronsu, makin da ake ci maka zai ragu, a ce sabon koci ya gyara tsaro, alhali sa'a ce, kuma ba ta daɗewa. Shi ya sa wasa goma ba ya isa a yanke hukunci.

Kuma kada a ce ina wanke Griffin. Wannan ƙaryar ma an laƙa mini ita. Ban taɓa cewa komai lafiya ba. Mataimakinsa Terry Stotts ya ajiye aiki tun kafin a fara kaka. A wasannin farko Griffin ya fito da Brook Lopez can sama yana bin masu riƙe da ƙwallo, mutumin da ƙarfinsa yake a tsayuwa kusa da kwando yana tare masu shigowa, har sai da 'yan wasan suka nemi a koma tsohon tsari. Da yawa daga cikin nasarorin nan 30 a mintunan ƙarshe aka ƙwato su da ƙyar. Duk gaskiya ne. Amma ciwon ba a kujerar koci yake ba. Ranar da aka bayar da Jrue Holiday aka karɓo Damian Lillard a watan Satumban 2023, an sayi maki an sayar da mutumin da ke tare mai ƙwallo tun daga bakin layi. Tsarin da Lopez ke ja da baya yana aiki ne idan mai tsaron gaba zai iya kutsawa ta shingen da aka yi masa ya dawo kan mutuminsa. Idan ya maƙale, mai ƙwallo ya samu fili, ko ya jefa ko ya shigo da gudu. Patrick Beverley da aka ɗauko daga Philadelphia a watan Fabrairu yana da zafin nama, amma ɗan benci mai shekara 35 ba zai toshe wannan ramin ba. A ƙarƙashin Rivers tsaron ya ɗan daidaita, harin kuma ya yi sanyi. An rufe ƙofa, taga ta buɗe.

Zai ce rauni ne. E, Khris Middleton ya yi sama da wata guda yana jinyar idon sawu, gwarzon ƙungiyar Giannis Antetokounmpo ya ji ciwo a sha-raɓa a watan Afrilu bai buga ko wasa ɗaya da Indiana ba. To idan rauni uzuri ne, sai ka ce ba a iya tantancewa. Ba ka da ikon cewa an gyaru, sannan ka ɓuya a bayan likita idan an nemi hujja. Kai fa nake nufi, ka daina juya magana!

A wannan watan na Fabrairun 2024 Dallas ta nuna yadda musaya mai amfani take. Tana da Luka Doncic da Kyrie Irving, ba ta rasa masu cin maki ba. Tsawo ta rasa da tsaron kwando. Ta ɗauko Daniel Gafford da P.J. Washington, mutane biyu da ba sa buƙatar riƙe ƙwallo kafin su yi amfani: ɗaya yana karɓar ƙwallo ta sama ya zura a kwando, ɗaya yana tsaron manyan 'yan wasan gefe. Ba a canza koci ba. Ta gama ta biyar a rukunin Yamma, ta kai wasan ƙarshe, inda Boston ta doke ta 4 da 1. Haka Detroit ta yi da Rasheed Wallace a 2004 ta ɗauki kofi. Saura wasa talatin ko ƙasa da haka, ba lokacin atisaye, don haka wanda ya zo ya cike gurbin da ke nan shi ke saurin shiga jiki.

Misalin da masanin minti uku yake riƙewa kamar laya shi ne Cleveland ta 2016, da ta canza koci a tsakiyar kaka ta ɗauki kofi. To David Blatt ya bar ta da 30 da 11, Tyronn Lue ya yi 27 da 14. Da ma'aunin naka na ƙirga nasara, ai baya ta ci kenan. Ka zaɓi ɗaya.

Ka kawo bambancin maki a hari 100 na Bucks, kafin korar Griffin da bayanta, da jadawalin wasannin a gefe. Ka saka a fili inda ka saka zagin, kuma wannan karon kada ka goge.