Kwas ɗin animeshon ya cika intanet, mai duba maka aikinka ne ke wuyar samu

Kwanakin baya wani ƙanina ya turo min bidiyo na sakan goma a WhatsApp, hoton wani mutum ne da shi ƙanin nawa ya haɗa a Blender, manhajar yin animeshon wato zane mai motsi, yana tafe da buhun shinkafa a kafaɗa. Fuskar ta yi kyau, hasken ma ba laifi, amma buhun nan kamar auduga aka dura a ciki, kafaɗar ko motsi ba ta yi ba, ƙafafun kuma sai zamewa suke kamar mai tafiya kan tayil ɗin da aka zuba wa ruwan omo. Yaron nan ya kusa shekara biyu yana bin darussa a YouTube, ya yi darasin haɗa donot na tashar Blender Guru da kowa ke farawa da shi, ya san inda kowane madanni yake, amma bai taɓa samun wanda zai tsayar da bidiyon ya ce masa kai, a firam na 14 ɗin nan, wato hoto na 14 cikin jerin hotunan bidiyon, ƙugu ya kamata ya karkata ba.

Ni a ganina nan matsalar take, kuma yaranmu da yawa suna ta zuba kuɗi da data inda bai kamata ba. Kayan aiki dai an gama da wannan, Blender kyauta ce tun 2002 da wanda ya ƙirƙiro ta, Ton Roosendaal, ya tara Yuro dubu 100 daga hannun jama'a aka sake ta ga kowa, kuma a 2025 wani fim daga Latviya da aka yi shi da ita ya ci kyautar Oscar. Bidiyon koyarwa kuwa ko shekara goma za ka yi kana kallo ba za su ƙare ba. To amma matakin gaba na animeshon, wato nauyi da saurin motsi da yadda jiki ke shiri kafin ya zabura, ido ne ke koyar da shi. Sakan ɗaya firam 24 ne, kuskuren firam biyu ya isa ya kashe motsin gaba ɗaya, kai kuma da ka kalli abin sau ɗari idonka ya riga ya saba da kuskuren.

Mu ai mun san wannan tun a gareji da shagon tela, yaro ba ya zama gwani don ya kalli maigida kawai, sai ya ɗinka an warware an ce sake. A kan wannan tsarin aka kafa makarantar intanet ta Animation Mentor a 2005, mutum uku ne da suka yi aiki a kamfanonin fim na Pixar da ILM, wato Bobby Beck da Shawn Kelly da Carlos Baena, duk sati ka miƙa aiki, malaminka ya yi zane a kan bidiyonka yana nuna maka inda ka kauce. AnimSchool da iAnimate ma kusan haka suke. Sai dai kuɗin fa dubban daloli ne, ga wahalar biya da katin naira, ga wuta da za ta ɗauke ana tsakiyar aji.

Duk da haka ban yarda a ce a haƙura ba. Akwai gasar 11 Second Club, duk wata su saki ɗan sautin magana na kusan sakan 11 kowa ya yi nasa motsin, kyauta, kuma mutane za su faɗa maka gaskiya. Sannan in matasa biyar suka yi karo-karo suka biya ƙwararre ɗaya ya duba ayyukansu na awa guda, wallahi ya fi musu kwas biyar masu alƙawarin ƙwarewa cikin sati huɗu da satifiket. Kafin ka biya ko sisi ka tambaya waye zai duba aikina, sau nawa a wata, kuma ina aikin da shi ya yi da hannunsa.

Wasu za su ce malamin waje bai san yanayinmu ba, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangaren. Bai san yadda yarinya ke durƙusawa ta gaida babba ba, bai san yadda dattijo ke naɗe hannun babbar riga a kafaɗa ba, kai ko harafin f ma mu da leɓe biyu muke furta shi, alhali butum-butumin animeshon da ake rabawa kyauta haƙori suke ɗorawa kan leɓen ƙasa irin na Turanci, shi ya sa in suka yi Hausa bakin ke ba da wani iri. Wannan kam aikinmu ne, mu ɗauki kanmu a waya mu nuna wa malamin, shi kuma ya gyara mana nauyi da lokaci.

Abin da na sa ƙanin nawa ya yi ke nan. Ya jingina waya a bango ya sungumi buhun masara na gaske ya zagaya tsakar gida sau uku, da ya kalla a hankali sai ya ga kansa ne ke fara kaucewa gefe kafin ƙafa ta ɗaga. Yanzu yana kan gyara na shida, zai tura wa wani mai animeshon da ya yarda ya duba masa ranar Asabar.